Zauren Tambaya da Amsa: 'Yan Damben da Suka Ajiye Safa Ba a Taɓa Buge Su Ba

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: 'yan damben zamani da suka yi ritaya babu wanda ya taɓa yin galaba a kansu, da yadda za a auna su. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Malam, gardama ta ƙi ƙarewa tsakanina da abokaina. Rocky Marciano ya yi nasara 49 babu faɗuwa, Floyd Mayweather ya yi 50. Wannan bai isa a ce Mayweather ne gaba ba?

Amsa: Ɗan'uwa, in da ƙirga kawai ake yi da ba a kawo mana maganar ba. Wasan Mayweather na 50, a watan Agustan 2017, da Conor McGregor ya yi shi, mutumin da sana'arsa faɗan keji ce, kuma daren ne karonsa na farko a damben ƙwararru. Hukumar damben jihar Nevada ta Amurka, inda aka yi wasan, ta amince aka rubuta, don haka yana cikin lissafi, amma bai ƙara wa Mayweather komai ba sai kuɗi. A wajen masu awo, 49 da 49 suke.

Sai a koma kan waɗanda kowa ya buge. Marciano ya karɓi kambun masu nauyi ranar 23 ga Satumba 1952 a hannun Jersey Joe Walcott. Walcott ya kai shi ƙasa tun a turmin farko, kuma yana gaba a katin alƙalai har aka shiga turmi na 13. Nan ya ja baya ya jingina da igiya yana shirin sakin dama, Marciano ya riga shi da tasa gajerar damar a muƙamuƙi. Walcott ya sulale a kan gwiwa, hannunsa ɗaya na rataye a igiya, sannan ya kife. Daga nan Marciano ya kare kambun sau shida: Walcott kuma, Roland La Starza, Ezzard Charles sau biyu, Don Cockell, sai Archie Moore a 1955. A watan Afrilun 1956 ya ajiye, yana da shekara 32, da kisa 43 cikin wasa 49, wato wasannin da ya gama da abokin karawa kafin a kai ga ƙirga maki.

Abin da ake sukarsa da shi gaskiya ne. Joe Louis yana da shekara 37 lokacin da suka haɗu a 1951, Walcott 38, Moore ma ya kusa arba'in ko ya haura, sannan Charles da Moore asalinsu 'yan ajin ƙasa da masu nauyi ne. Shi kansa Marciano kilo 84 zuwa 85 yake hawa sikeli, tsawon hannuwansa a buɗe bai wuce inci 68 ba. A yau da ba ma a ajin masu nauyi za a sa shi ba, sai ajin da ke ƙarƙashinsa mai iyakar kilo 90.7. Amma akwai abin da masu sukar ke tsallakewa: a zamaninsa kambu ɗaya ne, zakara ɗaya, babu wata ƙungiyar da mutum zai laɓe a bayanta. Kuma waɗancan tsofaffin ba ragowa ba ne. Walcott ne ke riƙe da kambun, Moore kuwa ya ci gaba da riƙe nasa na ajin kilo 79 shekaru bayan haka.

Mayweather ya ci kambu a aji biyar, daga kilo 59 zuwa kusan kilo 70, kuma ya yi shekara goma sha bakwai yana karawa da manya, tun daga Genaro Hernández a 1998. Diego Corrales bai taɓa shan kashi ba sai da ya faɗi sau biyar a gabansa a Janairun 2001. Sai José Luis Castillo, Oscar De La Hoya, Ricky Hatton, Juan Manuel Márquez, Shane Mosley, Miguel Cotto, Canelo Álvarez, Manny Pacquiao. Jerin ya fi na Marciano tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Nasa aibin shi ne zaɓen lokaci da gindaya sharaɗi. An so ya kara da Pacquiao tun 2010, magana ta watse a kan gwajin jini, sai a Mayun 2015 aka yi, bayan Márquez ya shimfiɗe Pacquiao a Disambar 2012. Canelo yana da shekara 23 aka haɗa su, aka kuma sa shi ya sauko ƙasa da iyakar ajin da kusan kilo ɗaya. Márquez kuwa hawowa ya yi daga ƙaramin aji, sannan Mayweather ya zarce nauyin da aka yi yarjejeniya, ya biya tara, aka ci gaba.

In tambayar ita ce wa ya fi gwaninta da yawan manyan da ya buge, Mayweather ne. In kuma wa zai buge wani ake nufi, to inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, tazarar kilo goma sha biyar ce tsakaninsu a mafi kusa.

Tambaya: Ni sabon shiga ne. In na ga an rubuta ɗan dambe yana da 30 da sifili, ta yaya zan gane ko gwani ne ko gyara masa hanya aka yi?

Amsa: Ka fara da zubar da wasanni goma sha biyar zuwa ashirin na farko. Kusan kowane matashi mai gata haka ake gina shi: wasan turmi huɗu, sai shida, sai takwas, da mutanen da aka ɗauko don su sha kashi. Akwai 'yan damben da abin da suke ci da shi ke nan, su je su tsaya daram su rasa da maki, ba a ji musu ciwo ba, mako uku su koma wani gari. Buge su ba laifi ba ne, koyo ne, amma ba ya shiga awo.

Abin da ya rage sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane abokin karawa ka duba matsayinsa a ranar da aka yi wasan, ba sunan da ya yi a baya ba: shekarunsa nawa, yaushe rabonsa da wasa, an taɓa kashe shi a 'yan shekarun nan, a ajinsa yake ko tilasta masa hawa ko sauka aka yi. Saukar nan tana da illa fiye da yadda ake zato. Mutum ya matse ruwan jikinsa don ya cika sharaɗin sikeli, ƙafarsa kan mutu daga turmi na bakwai, haɓarsa kuma ba ta ɗaukar naushi kamar da. Chad Dawson ya sauko daga kilo 79 zuwa 76 ya sami Andre Ward a 2012, aka kai shi ƙasa sau uku. Nasara ce mai kyau, amma da ɗan ragi.

Awon da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne abin da wanda aka buge ya je ya yi daga baya. Joe Calzaghe ya ci Bernard Hopkins a Afrilun 2008, mutane suka ce ai tsoho ne ɗan shekara 43. Wata shida bayan haka Hopkins ya wanke Kelly Pavlik da ba a taɓa bugewa ba, a 2011 kuma ya sake cin kambun duniya yana da 46. Nan darajar nasarar ta tashi. A shekarar nan dai Calzaghe ya ci Roy Jones, sunan da ya fi na Hopkins ƙara a kunne, amma tun 2004 Antonio Tarver da Glen Johnson suka kashe shi a jere. Wannan suna kawai aka buge.

Sai wane kambu ne. Ƙungiyoyi huɗu ke rabawa yanzu: WBA, WBC da aka kafa a 1963, IBF a 1983, WBO a 1988. Azuzuwa kuma sun tashi daga takwas na asali zuwa goma sha bakwai. Ka ga mutum zai iya riƙe kambu shekara biyar yana karawa da waɗanda ƙungiyarsa ta jero masa, bai taɓa haɗa ido da wanda ya fi kowa a ajin ba. Saboda haka ka tambaya: a shekarun da yake riƙe da kambu, su wa ne uku na sama, kuma nawa ya taɓa a cikinsu?

Misali mai sauƙi shi ne Brian Nielsen na ƙasar Denmak. A 1999 ya kai 49 babu faɗuwa, daidai da Marciano, kusan duk a gida. A wasa na 50 wani Ba'amurke da ba a san shi sosai ba, Dicky Ryan, ya tsayar da shi. Ba wanda ke sa sunansa kusa da na Marciano, alhali lambar ɗaya ce.

Tambaya: Ana cewa alƙalai ne suka tsare wa wasu sifilinsu. Da gaske ne ko hassada ce?

Amsa: Wani wuri da gaske ne, wani wuri wasa ne ya yi kusa, mutane suka kira shi sata. Sai an san yadda ake ba da maki kafin a raba biyun. Alƙalai uku ne a gefuna uku na dandali, kowa da katinsa. Wanda ya ci turmi yana da 10, ɗayan 9. In an kai mutum ƙasa yawanci 10 da 8 ne. Turmin da aka ci da kyar da wanda aka ci da rinjaye duk 10 da 9 ne, kuma nan ne yawancin rigima ke fitowa, don mai kallo yana tuna dukan da ya girgiza shi, kati kuwa turmi yake ƙirgawa.

Ɗauki wasan Ward da Sergey Kovalev na Nuwambar 2016. Kovalev ya kai Ward ƙasa da dama a turmi na biyu. Duk alƙalan uku suka ba Ward 114 da 113. Lissafin shi ne Ward turmi bakwai, Kovalev biyar: Ward yana da saba'in daga bakwai ɗin da ya ci, talatin da shida daga huɗu da ya rasa, da takwas na turmin faɗuwa, 114 ke nan. Kovalev hamsin da sittin da uku, 113. Ka ɗauke turmi ɗaya tak ka miƙa wa Kovalev, lambobin su juya, sifilin Ward ya tafi. Kuma akwai turmi uku ko huɗu a wasan da mai adalci zai iya bai wa kowanne. Wannan ba sata ba ce, amma duk wanda ya ce Kovalev ne ya ci bai yi hauka ba. A karo na biyu, Yunin 2017, Ward ya girgiza shi da dama a turmi na takwas, ya bi shi da dukan ciki har alƙalin wasa ya tsayar, ko da yake ɓangaren Kovalev sun yi ta ƙorafin cewa wasu naushin sun sauka ƙasa da ɗamara.

Na Mayweather shi ne karon farko da Castillo a Afrilun 2002. Castillo ya matse shi a igiya yana dukan haƙarƙari, masu ƙirga naushi suka ba shi rinjaye, alƙalai kuwa suka ba Mayweather da tazarar maki huɗu zuwa biyar. Tazarar ce ta fi ba mutane haushi. Abin yabon shi ne ya sake ba shi dama a Disambar shekarar, ya ci ba tare da gardama mai yawa ba. Marciano ma yana da nasa: La Starza a 1950, alƙalai suka rabu, ya tsira da ƙyar.

Wanda zargin ya fi kamawa shi ne Sven Ottke na Jamus, 34 babu faɗuwa, kisa shida kacal, ya kare kambun IBF sau 21, kusan duk a ƙasarsa. A wasansa da Robin Reid a Disambar 2003, alƙalin wasa ya yi ta tsawata wa Reid har da cire masa maki, kuma har yau in ana misalin hukuncin gida da shi ake farawa. Ottke ba rago ba ne, ƙafarsa da kariyarsa na da kyau, amma sifilin nan nasa ba shi kaɗai ya gina shi ba.

Tambaya: Calzaghe da Ward aji ɗaya suka riƙe. Wa za a sa gaba?

Amsa: Wannan ita ce gardamar da ta fi daɗin yi, don akwai ƙasa a ƙarƙashinta: aji ɗaya na kilo 76, zamani kusa da juna, har da abokin karawa ɗaya, Mikkel Kessler.

Calzaghe, ɗan yankin Wales na Birtaniya, bahago ne mai ruwan naushi, mahaifinsa Enzo ne ya horar da shi. Ya ci kambun WBO a hannun Chris Eubank a 1997, ya kare shi sau 21, ya tashi da 46, kisa 32. Matsalar ita ce shekara takwas na farkon sarautarsa ba su da nauyi sosai. Shi da Ottke sun yi shekaru suna riƙe da kambu a aji ɗaya, a nahiya ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba, kuma wannan tabo ne a kansu duka. Hannuwansa ma sun yi ta ba shi matsala, suna karyewa, abin da ya sa ya koma yawan naushi maimakon nauyinsa, har masu suka ke cewa mari yake yi. Sai a Maris 2006 ya rufe bakin kowa, ranar da ya yi wa Jeff Lacy dukan turmi goma sha biyu, Lacy da Amurkawa suka zo da shi suna cika baki. Sannan Kessler a Nuwambar 2007 a Cardiff, Kessler yana da 39 babu faɗuwa, yana kan ganiyarsa. A turmin farko-farko Kessler na huda shi da naushin da ke tasowa daga ƙasa, Calzaghe ya sauya taku, ya daina shiga kai tsaye, ya koma dukan ciki da zagaye, ya kwashe rabin wasan na biyu. A Amurka sau biyu kawai ya yi wasa, kuma duka biyun an kai shi ƙasa a turmin farko ya tashi ya ci.

Ward wasa 32 ya yi, kisa 16, bayan zinaren Olamfik na 2004. Lambar ƙarama ce, amma babu ɓawo da yawa a ciki. Gasar manyan ajin su shida da aka fara a 2009 ta tilasta masa karawa da su a jere, ba zaɓe: Kessler, Arthur Abraham, sai Carl Froch a wasan ƙarshe a Disambar 2011. Froch ɗin nan daga baya ya kashe Lucian Bute, ya rama a kan Kessler, ya kashe George Groves a Wembley, ka ga awon "me ya yi daga baya" ya ba Ward maki sosai. Sannan ya hau aji ya sami Kovalev lokacin da kowa ke kauce masa. Ragin da za a yi masa: duk wasannin gasar a Amurka ya yi su, Kessler da ya buge ya riga ya sha kashi a hannun Calzaghe kuma karon kai ne ya tsaga shi aka tsayar a turmi na 11, sannan rigimar kwantiragi ta cinye masa wajen shekara ɗaya da rabi yana zaune.

Mu a nan Ward muke sa wa gaba da ɗan taƙi, saboda kashi mafi yawa na wasanninsa da manya ya yi su. Wanda ya fifita daɗewa a kan kambu zai ce Calzaghe, kuma ba za mu yi faɗa da shi ba.

Tambaya: Ricardo López yana da canjaras ɗaya. Ya halatta a sa shi cikin waɗanda ba a buge ba?

Amsa: Ya halatta, canjaras ba faɗuwa ba ce. López ɗan Mekziko ya tashi da nasara 51, kisa 38, canjaras ɗaya, a aji mafi ƙanƙanta, kilo 47.6. Ya je har Tokyo ya ƙwace kambun WBC a hannun Hideyuki Ohashi a 1990, ya kare shi fiye da sau ashirin, daga baya ya hau aji ɗaya ya ci na IBF a 1999.

Canjaras ɗin da Rosendo Álvarez na Nikaraguwa ne a Maris 1998. Álvarez ya kai shi ƙasa a turmi na biyu, daga baya kawunansu suka gwaru, López ya tsage, likita ya ce a tsaya. Ƙa'ida ita ce in tsagewar ba da gangan ba ce kuma an wuce turmi huɗu, sai a tattara katuna a ƙirga abin da aka yi. Alƙali ɗaya ya ba López, ɗaya Álvarez, na uku ya ce daidai. A Nuwamba suka sake, Álvarez ya zo da nauyi fiye da ƙa'ida, López ya ci da rinjayen alƙalai biyu, fuskarsa jina-jina.

In gwanintar hannu zalla ake magana, tsayuwa, tsare haɓa, dawo da hannu mazauninsa bayan kowane naushi, da wuya a sami wanda ya fi shi a duk jerin nan, masu horarwa har yau suna nuna wa yara faifansa. Abin da ke rage masa shi ne ajin. Sabo ne a lokacin, mutanen cikinsa kaɗan ne, kuma manyan da ke aji ɗaya sama da shi a farkon shekarun 1990, Michael Carbajal da Humberto González, bai kara da ko ɗaya ba.

Tambaya: Edwin Valero fa, da ya kashe duk wanda ya kara da shi?

Amsa: Wasa 27, kisa 27, goma sha takwas na farko duk a turmin farko, kambu a aji biyu. Amma Valero bai yi ritaya ba. A Afrilun 2010 aka kama shi a Benezuwela kan kisan matarsa, washegari aka tsinci gawarsa a ɗakin da ake tsare da shi. Bai kai ga manyan ajinsa ba, don haka babu abin da za a auna shi da shi sai ƙarfin hannu.

Akwai rukuni guda na irin waɗannan da wani abu daga waje ya tsayar. László Papp na Hungari ya ci zinaren Olamfik sau uku, 1948, 1952 da 1956, ya shiga damben kuɗi ya yi nasara 27 da canjaras biyu, ya riƙe kambun Turai, yana dab da neman na duniya gwamnatin kwaminisanci ta ƙasarsa ta hana shi fita. Terry Marsh na Ingila ya ci kambun IBF a 1987, ya kare sau ɗaya, maganar farfaɗiya ta sa ya ajiye. Joe Mesi ya kai 36 a ajin masu nauyi, zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan wasansa da Vassiliy Jirov a 2004 ta datse masa hanya, bai taɓa karawar kambun duniya ba. A cikinsu Papp ne kaɗai za a ce an yi wa ƙwace.

Tambaya: Ni mace ce mai bin dambe. Ban ji kuna ambaton Laila Ali ba.

Amsa: Hajiya, kin yi gaskiya, a gafarce mu. Laila Ali ta yi 24 babu faɗuwa, kisa 21, ta ajiye a 2007. Awon da muka yi wa maza shi za mu yi mata. Christy Martin da ta buge a 2003 ta fi ta ƙanƙanta sosai, hawowa ta yi. Wadda duniya ta so ta gani a gabanta ita ce Ann Wolfe, mai nauyin hannu a ajinta, kuma wasan bai taɓa yiwuwa ba. Lucia Rijker ta ƙasar Holan ma ta tashi da 17 babu faɗuwa, da yawan masana na ganin ta fi Laila gwaninta, amma ita ma babban wasanta da Martin da aka shirya a 2005 ya rushe saboda raunin da ta ji a agara.

Tambaya: To me ya sa in ana jera gwanayen tarihi ake sa Muhammad Ali da Sugar Ray Robinson sama da duk waɗannan, alhali an buge su?

Amsa: Saboda abin da suka ɗauka ya fi. Robinson ya yi wasa wajen ɗari biyu. Yana da 40 babu faɗuwa Jake LaMotta, wanda ya fi shi nauyi da kilo bakwai, ya ci shi a farkon Fabrairun 1943. Mako uku bayan haka suka sake ya rama, kuma a tsakanin ma sai da ya yi wani wasan. Daga nan ya yi wasa 91 a jere ba a ci shi ba, har Randy Turpin a 1951. Wannan jerin kaɗai ya kusa Marciano da Calzaghe a haɗe. Ɗan damben yau sau biyu yake fita a shekara, da sansanin horo na mako takwas zuwa goma kafin kowanne, ana auna nauyi kwana ɗaya kafin wasa, turmi goma sha biyu. Su Robinson ranar wasa ake auna su, wasan kambu turmi goma sha biyar ne, sai bayan da Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya mutu sakamakon dukan da ya sha a wasan kambu a 1982 aka fara rage shi. Mai fita sau goma sha biyar a shekara dole wata rana ya fita da zazzaɓi ko kumburarren hannu.

Ali ya faɗi sau biyar cikin 61, amma ya kara da Liston, Frazier sau uku, Norton sau uku, Foreman, bayan an raba shi da dambe shekara uku da rabi yana kan ganiya. Uku daga cikin faɗuwar sun zo ne a wasanninsa huɗu na ƙarshe. Sifili sau da yawa labarin ranar da mutum ya tsaya ne. Larry Holmes yana da 48 a Satumbar 1985, saura ɗaya ya kamo Marciano, Michael Spinks ya hawo daga ƙaramin aji ya ci shi da maki. Da ya ajiye wata uku kafin nan da yanzu yana cikin jerin da muke tattaunawa, kuma da ba ƙaramin matsayi zai samu ba. Julio César Chávez ya yi wasa 90 kafin Frankie Randall ya ci shi a Janairun 1994, ko da yake canjaras ɗinsa da Pernell Whitaker a 1993 kyauta ce alƙalai suka yi masa.

Tambaya: Kada ku zille. Ku jera mana su, kuma ina Terence Crawford ya faɗa?

Amsa: Crawford ya sanar da ajiye safa a Disambar 2025 da 42, kisa 31. Ya haɗe kambu huɗu gaba ɗaya a aji uku: kilo 63.5 a 2017, kilo 66.7 a Yulin 2023 ranar da ya kai Errol Spence ƙasa sau uku aka tsayar a turmi na tara, sai kilo 76 a Satumbar 2025 da ya tsallake aji guda ya ci Canelo da maki yana da shekara 37. Yana dambe da dama da hagu, yakan ba da turmi biyu ko uku yana karantar mutum kafin ya kama shi. Raginsa shi ne shekarun tsakiya, daga 2018 zuwa 2022, da rigimar masu shirya wasa ta hana shi samun manyan ajinsa, sannan Spence ya zo masa bayan mummunan haɗarin mota da aikin ido.

Jerinmu: Mayweather na ɗaya, don ba wanda ya kai shi yawan zakarun da ya buge da tsawon shekarun da ya yi a sama. Crawford na biyu, kuma nasarorinsa biyu mafi girma sun fi kowace guda ta Mayweather haɗari a ranar da aka yi su, sai dai biyu ne. Marciano na uku, Ward na huɗu, Calzaghe na biye da shi kafaɗa da kafaɗa, sai López. Ottke yana can ƙasa da tazara.

Sunan Crawford da fensir muka rubuta shi. Mayweather ya yi sallama bayan Hatton, ya dawo a 2009, ya sake yin sallama a 2015 bayan Andre Berto, ya dawo a 2017. Marciano kansa ya koma horo a 1959 da niyyar neman Ingemar Johansson, zakaran masu nauyi na lokacin, ya gwada jikinsa na ɗan lokaci, ya fasa.